'Ya mace a makarantar kwana ta Ingila: tambayoyin da iyaye suka fi yi

Duk shekara in lokacin cike fom ya zo, tambayoyin da iyayenmu ke yi kan makarantun kwana na 'yan mata zalla a Ingila kusan iri ɗaya ne, kuma yawanci ana farawa ne da sunan makaranta da sakamakon jarrabawa, sai an biya kuɗi an kai yarinya sannan a tuna da maganar wa zai leƙa ta in ta kwana tana kuka. To ni a nan nake so mu fi tsayawa. Ga su nan na haɗa.

Wai waɗanne irin makarantu ne, kuma daga shekara nawa ake shiga?

Makarantu ne masu zaman kansu, tsofaffi sosai, irin su Cheltenham Ladies' College da aka kafa a 1853, da Badminton School ta Bristol inda Indira Gandhi ta yi ɗan zama, da Roedean a bakin teku kusa da Brighton (1885), da Wycombe Abbey (1896), da Benenden a Kent (1923). Za ku tarar da 'yan Ingila, da 'yan Hong Kong da China, da 'yan Sifen da Jamus, da 'yan Najeriya su ma ba laifi. Ƙofofin shiga uku ne: shekara 11, shekara 13, sai shekara 16 ga mai zuwa ajin shekara biyun ƙarshe ta yi A-level ko IB, jarrabawoyin da ake shiga jami'a da su. Tsakanin 14 zuwa 16 kuwa karatun GCSE ake yi, jarrabawar da ake rubutawa a shekara 16, shekara biyu ne a haɗe, shi ya sa ba a cika son karɓar yarinya a tsakiyarsa ba.

A ganina shekara 11 ta yi ƙanƙanta ga yarinyar da iyayenta ke Kano ko Abuja, sai dai in akwai yayarta a makarantar ko dangi na kusa a garin. Mai 13 ta fi iya faɗin abin da ke damunta, mai 16 kuma ta riga ta san sallarta da kanta.

Yaya rayuwarsu take daga safe zuwa dare?

Wajen ƙarfe 7 ake tashi, a yi wanka a sa yunifom, a je dainin karin kumallo, bayan 8 a yi asambili ko a zauna da malamar da ke bibiyar karatun yarinya, sai aji har wajen 4 na yamma da hutun cin abinci a tsakiya. Daga nan wasanni ne, ƙwallon raga ta mata, hoki, iyo, da wata ƙwallo da ake cafewa da sanda mai raga a baki wadda makarantun mata ke ji da ita, ko kiɗa ko wasan kwaikwayo ko muhawara. Abincin dare tun wajen 6 ake ci, wanda yaranmu ke ganin ya yi wuri, shi ya sa kafin kwanciya akwai burodi da madara da 'ya'yan itace a ɗan kicin ɗin hostal. Sai firef, wato karatun dare, na awa ɗaya zuwa biyu, ƙanana a kashe musu fitila wajen 9, manya 10 ko fiye. Makarantu da yawa suna shiga aji ranar Asabar da safe.

Ba a shara, ba a ɗiban ruwa, wanki ma injin makaranta ke yi, abin da ake buƙata kawai a ɗinka sunan yarinya a jikin kowane kaya har safa. Amma kar wannan ya sa ku ɗauka hutu take yi, jadawalin a cike yake dam, kuma gajiyar da ke taruwa a ƙarshen zangon farko, lokacin da sanyi da duhu suka shigo, ita ce ke fara karya yara da yawa.

Su waye ke kula da ita in an tashi daga aji?

Wannan ita ce tambayar da nake so kowa ya fara yi. An raba ɗalibai gida-gida, kowane hostal da uwar hostal wadda a cikin ginin take zaune, wata ma da mijinta da 'ya'yanta da karenta, sai mataimakiyarta, sai metiron mai kula da wanki da magani da tsafta, wadda sau da yawa ita ce ke fara gane yarinya ba ta cin abinci ko ta daina fitowa falo. Ƙanana suna kwana uku zuwa shida a ɗaki, ana sauya musu abokan ɗaki lokaci-lokaci, manya kuma kowa da ɗakinta ko su biyu.

Uwar hostal ita ce makarantar a wurin 'yarku, ba shugabar da ta yi muku jawabi ranar ziyara ba. In kun je gani, ku nemi a haɗa ku da ita, ku tambaye ta shekara nawa ta yi a gidan, ya take yi da yarinyar da ta ƙi barci, wa ke kwana a bakin aiki da dare. Ku karɓi lambarta da imel ɗinta kuma ku dinga gaisawa ko babu matsala, don ranar da matsalar ta zo kar ku zama baƙi.

Asabar da Lahadi fa, me suke yi?

A nan ake yin kuskure babba. Akwai makarantar da kusan kowa ke kwana har ƙarshen mako, akwai wadda yawancin yaran 'yan gari ne ko masu tafiya gida duk Juma'a, sai ka ga hostal mai mutum hamsin ta koma mutum takwas duk baƙi, kowa na ɗaki da waya. A takarda duka biyun makarantar kwana ce. Saboda haka ku tambaya ƙiri-ƙiri: Asabar ɗin da ta wuce, yara nawa suka kwana a hostal ɗin da za a sa 'yata, kuma 'yan ajinta nawa ne a ciki? Inda ake zama da yawa akwai wasanni da wasu makarantu, fita siyayya da rakiyar malama, silima, girki, da tafiyar daji da tanti ta shirin horar da matasa na Duke of Edinburgh. Sannan akwai ƙarshen makon da ake rufe hostal gaba ɗaya, duba maganar gadiyan, wato wanda zai riƙe yarinya a can a madadin iyaye, a tambaya ta gaba.

Dole ne sai mun samu gadiyan a can? Ƙanena yana jami'a a London, bai isa ba?

Kusan kowace makaranta sai ta ce dole, kuma da dalili. Shekarar karatu zango uku ce, Satumba zuwa Disamba, Janairu zuwa Maris, Afrilu zuwa farkon Yuli, kowane zango da hutun tsakiya na mako ɗaya, na Oktoba wani lokaci biyu, ga kuma ezit na kwana biyu ko uku da ake kulle hostal. Duk waɗannan ranakun sai yarinya ta samu gidan zuwa. Haka in ta kamu da ciwo mai yaɗuwa, ko an dakatar da ita, ko jirgi ya fasa tashi, gadiyan ake kira ya zo a ranar. Ɗalibin jami'a da ke zaune a ɗakin haya ɗaya yawancin makarantu ba sa karɓarsa, da yawa ma suna cewa sai wanda ya haura shekara 25. A 2025 an ƙara tsaurara ƙa'idar biza kan wanda zai riƙe yaro lokacin hutu, kuma in yarinyar ba ta kai 16 ba za ta zauna kwana 28 ko fiye wurin wanda ba dangi na kusa ba, sai an sanar da ƙaramar hukumar yankin.

Akwai kamfanonin da wannan ne aikinsu, suna haɗa yarinya da wani iyali da aka bincika, ku nemi wanda AEGIS, ƙungiyar da ke tantance kamfanonin gadiyan, ko ƙungiyar makarantun kwana ta BSA ta tantance, kuma kuna da damar cewa gidan Musulmi kuke so ko gidan da babu samari. In kuma 'yar uwa ce za ta riƙe, don Allah ku yi maganar a buɗe tun farko, kar kunya ta hana. Aunty da ke aikin dare a asibiti a Manchester ba za ta iya tuƙin awa huɗu ta ɗauko yarinya ranar Talata ba komai son da take mata, kuma yarinya tana ganewa sarai in ta zama nauyi a gidan mutane, sai ta yi shiru ta daina faɗa.

Sallah da hijabi fa? Na ji ana kai su coci.

Yawancin tsofaffin makarantun nan tushensu na Cocin Ingila ne, suna da ɗakin ibada kuma ana taruwa a ciki sau ɗaya ko fiye a mako, a yi waƙa a yi jawabi. Wasu suna ɗaukar taron a matsayin na kowa da kowa, yarinya ta zauna ba sai ta yi waƙar ba, wasu kuma suna ba da zaɓin wani zama daban. Ku tambaya kafin ku sa hannu, kuma a ba ku amsar a rubuce. Iyaye Kiristoci su ma su tambaya, don salon ibadar ya sha bamban da wanda yara suka saba a gida. Hijabi kuwa dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda addini, makarantu da dama suna yarda da shi in launin ya dace da yunifom, haka dogon siket ko wando, da kayan wasanni da na iyo masu rufe jiki.

Abin da ya fi ba yara wuya shi ne lokaci. A Disamba rana tana faɗuwa kafin 4 na yamma, wato azahar da la'asar da magariba duk a cikin lokacin makaranta suke faɗowa, a Yuni kuma isha sai bayan 10:30 na dare, asuba wajen 3. Sai an zauna da uwar hostal an nemi wurin da za ta shiga ta yi sallah lokacin cin abincin rana, kuma ku tambayi malaminku hukuncin haɗa salloli tun kafin ta tafi, kar ta je tana ta zargin kanta ita kaɗai. Ga kuma wani ƙaramin abu da ba wanda ke faɗa, banɗakunan can babu buta, takarda ce kawai. Ku sa mata 'yar ƙaramar buta ko gorar roba a akwati, da silifas na alwala, da darduma mara nauyi. Yarinyar da ta tsaya gaban wurin wanke hannu tana jiran kowa ya fita kafin ta ɗaga ƙafa ta wanke, in ba a riga an gaya mata ba abin kunya ba ne, a hankali za ta fara jinkirta sallar.

Za su bar ta ta yi azumi?

Suna bari, kuma inda aka saba da ɗalibai Musulmi kicin na ajiye abincin buɗa baki, a ba su abin sahur su kai hostal, a sassauta musu wasanni. Sai dai ku rubuta wa uwar hostal da nas wata guda kafin watan ya kama, kar ku bari yarinya ta je nema da bakinta. An ma yi sa'a yanzu azumin yana matsowa cikin sanyi, na 2025 a Maris ya faɗo, na 2026 daga tsakiyar Fabrairu, awa 12 zuwa 14 ke nan, ba kamar shekarun da ya faɗo a Yuni ana kai awa 18 ga jarrabawa ba. Ranar Sallah ba hutu ba ce a can, amma in kun nemi izini da wuri ana barin gadiyan ya ɗauke ta zuwa idi.

Abincin fa? Zan iya haɗa mata kilishi da yaji?

Abinci akwai shi da yawa, sau uku, da zaɓi, kullum akwai na marasa cin nama da kifi sau da dama, matsalar dai baki ne, babu yaji babu ɗanɗanon da ta saba, makon farko wata dankali da burodi kawai za ta yi ta ci. Ku tambaya ko naman halal kullum ne ko wasu ranaku, ko kaza ce kawai, kuma ku koya mata duba alawa da kayan zaƙi saboda gelatin na alade.

Kilishi da dambun nama kam a haƙura, dokar Ingila ta hana shigo da nama da madara daga ƙasashenmu a kayan matafiyi, za a ƙwace a filin jirgi. Yaji kuma ku kula sosai, na tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, kuma makarantu da yawa sun hana gyaɗa kwata-kwata saboda akwai yaran da ɗan kaɗan zai iya kai su asibiti ko ma ya kashe su. A daka mata na barkono da citta da kanumfari zalla, a rubuta abin da ke ciki a jikin robar. Indomie da garin kwaki da cincin duk ana samu a shagunan 'yan Afirka, gadiyan na iya kai mata.

Za ta riƙe waya? Yaushe za mu dinga magana?

Ƙanana ana karɓe wayar da rana da kuma lokacin barci, a ba su na ɗan lokaci da yamma, manya an fi sakar musu. Intanet ɗin makaranta a tace yake kuma ana kashe shi da dare. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonsu ɗaya da na Najeriya da Nijar, sauran watannin suna bayanmu da awa ɗaya. Ku tsayar da lokaci, misali bayan abincin dare sau uku a mako da doguwar hira ranar Lahadi. Kiran dab da kwanciya shi ne mafi muni ga mai kewa, duba tambaya ta gaba.

Kullum in mun yi waya kuka take, tana cewa a zo a ɗauke ta. Ya zan yi?

Da farko Hajiya ki sani wannan ba alamar kin yi laifi ba ce, kuma ba shagwaɓa ba ce. Kusan kowace yarinya tana yi, har 'yan Ingilan da gidansu bai fi tafiyar awa ɗaya ba. Yakan zo da dare, da ranar Lahadi da yamma, da kuma dawowa daga hutun farko, wanda sau da yawa ya fi zuwan farko zafi don yanzu ta san abin da za ta tarar. Yara da dama suna tara kukan ne sai sun ji muryar uwa, minti goma bayan an ajiye waya suna falo ana shan koko ana dariya, shi ya sa bayan irin wannan kiran ki tura wa uwar hostal saƙo ki ce ta leƙa ta, ta gaya miki yadda ta gan ta.

Abu biyu ne nake roƙon iyaye su bari. Na ɗaya, cewa "kin san nawa muka biya kuwa?" Wallahi ta sani, kuma wannan maganar ce ke sa yarinya ta rufe baki ta koma cewa lafiya lau alhali ba lafiya. Na biyu, alkawarin "in kin ƙara sati ba ki saba ba zan zo in ɗauke ki" alhali ba za a zo ba. Ki saurare ta har ta gama, ki tambaye ta wa ta zauna da shi a dainin yau, me ta ci, ki ba ta labarin gida na yau da kullum, ki ƙirga mata kwanakin da suka rage zuwa hutu.

Amma akwai inda ya wuce kewa. In an kai rabin zango ba sauƙi, ta rame, ba ta barci, ta daina abin da take so, kullum tana ɗakin jinya da ciwon ciki ko ciwon kai da ba a gano dalili ba, ko ta fara maganar cutar da kanta, to ranar za ki kira makaranta, ba gobe ba. Makarantun nan gasar karatu a cikinsu tana da zafi, kuma ciwon ƙin cin abinci da damuwa abubuwa ne da aka sani a tsakanin 'yan mata masu wannan shekarun, namu ba su fi ƙarfinsu ba. Akwai mai ba da shawara a makaranta, ganinta ba hauka ba ne, a haɗa da addu'a a haɗa da ita.

Mu da muka yi bodin mun san halin siniyoyi. Can ma haka ne?

Irin wancan na aike da durƙuso da ƙwace furobishin babu shi a tsari, duka kuma doka ta hana a makarantu masu zaman kansu na Ingila tun 1999. Cin zalin can salo ne daban, a ware yarinya, a buɗe gurup a WhatsApp ba ita, a kwaikwayi yadda take magana, a taɓa gashinta ba izini, a ƙi koyon sunanta. Ba ya barin tabo shi ya sa yake wuyar kai ƙara, kuma yaranmu an tarbiyyantar da su da haƙuri da kawar da kai.

Ku gaya mata tun a gida cewa kai ƙara ba rashin kunya ba ne. Kowace makaranta dole tana da babban jami'i mai kula da kariyar yara, kuma ƙa'idojin makarantun kwana na ƙasa, waɗanda aka sabunta a 2022, sun ce a samar da wani mutum daga wajen ma'aikata da yara za su iya kira kai tsaye, lambarsa na manne a allon hostal tare da ta Childline, layin taimakon yara, 0800 1111, kyauta dare da rana. Ku kuma in za ku yi ƙorafi ku yi a rubuce, da rana da abin da aka faɗa. Hukumar ISI ce ke duba yawancin makarantun nan kuma rahotonta a buɗe yake a intanet, ku karanta ɓangaren kwana da kariya kafin ɓangaren jarrabawa.

In ba ta da lafiya wa zai duba ta?

Akwai ɗakin jinya da nas, ana kuma yi mata rajista da likitan yankin na NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin ƙasar, kuɗin da kuka biya tare da biza, fam 776 a shekara, shi ya ba ta wannan damar. Kafin bizar ma sai an yi gwajin tarin fuka, a Najeriya akwai cibiyoyin IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, a Abuja da Legas. Duk maganin da ta zo da shi sai an miƙa wa nas, har farasitamol, kuma kar a sa mata na gargajiya mara suna a akwati.

Fom ɗin lafiya ku cika shi da gaskiya. Mai sikila musamman, sanyi da ƙarancin shan ruwa suna tayar da ciwon, dole nas da malamar wasanni su sani, ɓoyewa don kar a ƙi ɗaukarta ganganci ne da ranta. Haka asma da farfaɗiya. NHS na ba masu duhun fata shawarar shan bitamin D maikrogiram 10 kullum duk shekara saboda ƙarancin rana. Sannan maleriya, yarinyar da ta daɗe a can jikinta ya rage sabo da ita, in ta dawo daga hutu ta yi zazzaɓi ta buɗe baki ta ce daga Najeriya take a yi mata gwaji, kar a ce mura ce.

Wani abu da ke ba iyaye mamaki shi ne sirri. Mai shekara 16 tana da ikon amincewa da magani da kanta, ƙasa da haka ma in likita ya gamsu ta fahimci abin, kuma nas ba lallai ta gaya muku duk abin da suka tattauna ba sai in akwai haɗari. Faɗa da nas ba zai canza wannan ba, abin da zai sa ku ji labari shi ne yarinyar ta saba gaya muku abu ba a yi mata tsawa ba.

Kitso da gyaran fata fa?

Ba ƙaramar magana ba ce, don makarantu da yawa a ƙauye suke inda babu mai kitso ko ɗaya. A yi mata wanda zai kai hutun tsakiyar zango, gadiyan ta san inda za a sake, kuma a koya mata wankewa da tsifa da kanta. Ruwan kudancin Ingila yana busar da gashi da fata, ga hita a ɗaki, sai a haɗa ta da man kaɗanya mai yawa da hular barci da babbar hular iyo. A 2022 hukumar daidaito ta ƙasar ta fitar da jagora cewa kar dokar makaranta ta hana kitso da gashin baƙar fata.

Tunda ta mata ce zalla, babu ruwansu da maza ke nan?

A'a, gara ku sani. Akwai malamai maza, kuma ana shirya haɗuwa da makarantun maza na kusa, cin abinci ko rawa ko muhawara, da malamai a wurin. Kuna iya cewa ba da 'yarku ba, amma ku yi maganar da ita tukuna. Tun Satumban 2020 darasin zamantakewa da na jima'i wajibi ne a sakandaren Ingila, iyaye na da damar neman a cire yarinya daga ɓangaren jima'i har zuwa zango uku kafin ta cika 16, daga nan zaɓinta ne, ɓangaren zamantakewa kuma ba a fita. Kuna da damar ganin abin da ake koyarwa, ku nema ku karanta. Za ta ji ra'ayoyin da suka saɓa wa na gida ko kun cire ta ko ba ku cire ba, daga ƙawaye ma kaɗai, don haka uwa ta riga kowa yi mata bayani.

Za ta iya hawa jirgi ita kaɗai?

Abuja zuwa London wajen awa shida ne kai tsaye. British Airways ba ya ɗaukar wanda bai kai 14 ba shi kaɗai kuma ba shi da tsarin rakiya, saboda haka ƙanana sai da babba ko wani kamfanin da ke rakiya. Makaranta na shirya mota zuwa filin jirgin Heathrow na London a ranar rufewa, ku sayi tikiti daidai da kalandarsu tun da wuri, ba sa son a tafi kafin ranar ko a makara dawowa. Fasfo a ofishin hostal ake ajiyewa.

Ban da kuɗin makaranta, me kuma za mu biya?

Tun 1 ga Janairun 2025 an ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu, manyan cikinsu yanzu sun haura fam dubu 50 a shekara. A kan wannan akwai kuɗin ajiya wanda na 'yan waje kan kai na zango guda, yunifom, gadiyan, tikitin jirgi sau uku ko fiye, darasin kiɗa, ƙarin Turanci ga mai buƙata, tafiye-tafiye da kuɗin jarrabawa. Ku yi lissafin har shekarar ƙarshe, da tunanin yadda naira ke yi, don cire yarinya a tsakiyar GCSE saboda kuɗi ya fi rashin kai ta ciwo. Kuɗin kashewa kuma kaɗan ya isa, a kati, yarinyar da ta fi kowa kuɗi a hostal ba ƙawayen kirki take tarawa ba.

In mun ga abin bai yi ba, za mu iya cire ta?

Za ku iya, kuma wani lokacin shi ne daidai. Kafin nan ku nemi zama da uwar hostal da mai kula da walwalar ɗalibai, ko ta bidiyo, a gwada sauya ɗaki ko hostal ko rage mata ayyuka, a sa lokacin da za a sake dubawa, gadiyan kuma ta je ta gan ta ido da ido. In alamomin da na lissafa a amsar kuka suna nan bayan duk wannan, ku ɗauko ta, kar maganar mutane ta tsayar da ku.

Ku duba yarjejeniyar da kuka sa wa hannu, kusan duka suna neman sanarwar zango guda cikakke a rubuce, in ba haka ba ku biya kuɗin zangon gaba ko ba ta zauna ba. Bizar kuma a jikin makarantar take, in ta bar ta za su sanar da hukuma a taƙaita bizar, in wata makarantar za ta koma a can sai sabuwar ta ba da takardar CAS, wato shaidar ta karɓe ta, a nemi sabuwar biza. In gida za ta dawo, ku karɓi rahoton karatunta da sunan hukumar jarrabawar da take bi, don makarantun da ke yin IGCSE, wato GCSE ta ƙasashen waje, a Abuja da Legas su san inda za su ɗora ta.